Darasi na Tara: Wa Yake Gadon Kujerar Asante?

Duk wanda ya tashi a zangon Kumasi ya san fadar Manhyia ta Sarkin Asante, ya sha ganin manyan laimomi da jin kiɗan tambura ranar bikin Akwasidae. Amma idan aka tambaye mu wanda zai gaji Asantehene, wato Sarkin Asante, da yawanmu sai mu ce ɗansa, domin haka muka sani a ƙasar Hausa, inda sarauta take bin jinin uba. Ya kamata mu gyara wannan fahimta, tunda a ƙasar mutanen nan muke zaune, muke neman abincinmu, har muna auratayya da su.

Mutanen Asante ta wajen uwa suke ƙirga dangi. Yaro ɗan dangin uwarsa ne. Kujerar Kumasi ta dangin Oyoko ce tun zamanin Osei Tutu na ɗaya. Saboda haka ɗan sarki ba ya hawa kujerar ubansa, don uwarsa daga wani dangi aka auro ta. Masu gado su ne ƙanen sarki wanda suke ciki ɗaya, da ɗan 'yar'uwarsa, da sauran mazan da 'yan matan gidan suka haifa. 'Ya'yan sarki na cikinsa ana kiran su Oheneba, suna da girmansu, har akwai kujerar Akyempem da aka keɓe musu.

To, masu gadon suna da yawa, wa zai fitar da ɗaya? Nan ne aikin Asantehemaa. A kula, ba matar sarki ba ce. Uwarsa ce, ko 'yar'uwarsa, ko wata babba daga cikin matan gidan, kuma tana da kujerarta da fadarta. Ita ta san wadda ta haifi wane, ita ta ga tasowar kowa, ta san mai haƙuri da mai zafin kai. Idan kujera ta zama babu kowa, manyan Kumasi sukan aika mata su nemi ta ba su sarki. Sai ta faɗi suna. In sun yarda, shi ke nan. In sun ƙi, ta kawo wani. Sau uku take da wannan dama. In ukun duka ba su karɓu ba, zaɓi ya koma hannun manyan, amma dole daga cikin gidan nan za su ɗauko. A ganina wannan tsari ne mai hikima, domin ita ba ta iya ɗora musu wanda ba sa so, su ma ba su iya jawo bare.

Mun ga haka a 1999. Da Asantehene Otumfuo Opoku Ware na biyu ya rasu a watan Fabrairu, 'ya'yansa na nan, amma Asantehemaa ta lokacin, Nana Afia Kobi Serwaa Ampem ta biyu, ta ba da sunan ɗanta. Manya suka amince, ya yi rantsuwa riƙe da takobi, ya hau ranar 26 ga Afrilu da sunan Osei Tutu na biyu. Kujerar zinariya kuwa, wadda ita ce alamar sarautar Asante, babu mai zama a kanta, ko shi sarkin.

Tsarin mulkin Ghana na 1992 bai yarda da sarautar kowa ba sai wanda ya fito daga gidan da ya dace, aka kuma zaɓe shi bisa al'adar wurin. Rigimar sarauta majalisun sarakuna ne suke fara sauraronta, babbarsu ma a nan Kumasi take.

Aikin gida: Sarki ya rasu ya bar ɗa, da ƙane wanda suke uba ɗaya uwa daban, da ɗan ƙanwarsa ta ciki ɗaya. Rubuta wanda Asantehemaa za ta iya ba da sunansa, ka kawo dalili a jimla biyu. Sannan ka tambayi wani dattijo a unguwarku yadda ake naɗa Sarkin Zango, ka zo mana da amsa ranar darasi na gaba.