In Motarka Ta Rasa Ƙarfi Bayan Ka Ratsa Ruwa

Jama'a, Agusta a Damagaram kun san yadda korama ke cika, ka bi hanyar Magarya da kat-kat ɗinka, ka fito mota na sheshsheƙa ta ƙi ja. Ga abin yi:

1. Kashe ta nan take, kar ka ce bari in taka mata wuta ta warware.

2. Buɗe filtar iska. In ta jiƙe to wataƙila ruwa ya kai inji, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistan na bugunsa sai biyel, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistan, ya lanƙwashe, daga nan kuma wallahi sai buɗe inji gaba ɗaya.

3. Zaro ƙarfen awon mai. Man ya koma kamar shayi da madara? A juye shi, a sa sabo da filtarsa.

4. Cire buji duka (ta gazuwal kuma buji na ɗumama inji), ka murza makulli ruwan ya feso waje.

5. Tsiyaye ruwan ƙasan filtar gazuwal, busar da wayoyi, leƙa salansa ko laka ta toshe.

In ta tashi tana ƙwanƙwasa, malam, kashe kawai a ja ta garaji.