Yadda za ka sayi gas a ƙaramin gari ba tare da an cuce ka ba

Gas ɗin girkin nan da muke ɗurawa ba ta bututu yake zuwa mana ba, tanka ce ke ɗauko shi tun daga kudu, irin su Legas da Fatakwal, ta sauke wa manyan diloli a Kano ko Kaduna, sannan mai shagon garinku ya je ya ɗuro a manyan tukwane masu kilo 50 ya loda a a-kori-kura ya kawo. Kowane hannu sai ya ɗora nashi, shi ya sa kilo a ƙaramin gari yawanci ya fi na birni tsada, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya haukace, a 2024 kilo ɗaya ya haura naira dubu. Masu cewa a jira bututun AKK, wato na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614 da Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020, to wancan iskar daban ce, ta tashoshin lantarki ce da manyan masana'antu, ba ita za ta shigo kicin ɗinki ba Hajiya.

Farashi dai ba a hannunka yake ba, amma sikeli yana gabanka. Kar ka ce "a cika min" ko "zuba min na dubu biyar" ka koma gefe kana danna waya. Fara tambaya nawa ne kilo yau. Sai ka duba jikin tukunyar wajen hannu, akwai inda aka buga TW da lamba, wannan shi ne nauyinta in babu komai a ciki. A ɗora ta a sikeli kana kallo kafin a fara, a ce ta nuna kilo 8 kuma kilo 6 ka biya, to sai ka ga 14 kafin a cire tiyo. In da sauran gas a ciki ma sikelin zai nuna, naka ne, kar a lissafa maka shi cikin sabo. Kuma don Allah kar ka roƙi a danna maka fiye da ƙa'idar tukunyar, ana barin fili ne saboda gas na kumbura da zafi, balle zafin Maris da Afrilu.

A gida kuma ki rubuta ranar da aka ɗuro a jikin kalanda, ɗuri biyu uku za ki gane lissafin gidanki. Wuta shuɗiya ake so, in ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya to kan murhun ya toshe, a cire a goge. Wake a jiƙa shi tun dare, a rufe tukunya, ya tafasa a rage wuta. Ruwan wankan yara da dafa ganda kam gara gawayi, ni dai ban ga dalilin ƙona gas a kansu ba.

Masu sana'a, mai shayi da mai tuyar ƙosai da gidan abinci, ku daina sayen kilo uku uku a shago. Ku haɗa kai ku uku ko huɗu ku ɗauki mota ɗaya ku je babbar tashar ɗuri da manyan tukwane, ku raba kuɗin mota. Mai gidan burodi ko mai son maida janareta kan gas, ya gwada sati ɗaya ya rubuta abin da ya kashe, ya kwatanta da satin itace ko fetur kafin ya zuba kuɗi. CNG, wato gas ɗin da ake sa wa motoci da adaidaita, kuwa ƙarfinsa ya ninka na girki nesa ba kusa ba, tukunyarsa daban ce, kar wani bakanike ya ce zai haɗa maka da ta girki.

In ka dawo gida ka shafa kumfar sabulu a bakin tukunyar da mahaɗar tiyo, ka ga tana tsiro ƙwai ƙwai to yana yoyo, rufe ka fitar da ita waje, ba a gwadawa da ashana. Tukunyar da ta kai shekara 15 ko gindinta ya ci tsatsa a canza ta.