Kurakuran da aka fi yi wajen sadarwa mara waya a tashar jiragen ruwa

Wanda ya fi damuna shi ne a zo auna sigina lokacin da filin ajiye kwantena yake wayam. Injiniya ya zagaya da na'urarsa, ya ga sabis cike ko'ina, ya sa hannu ya kama gabansa. To kafin sati ya zagayo an jera kwantenoni hawa huɗu hawa biyar, kuma kwantena ai ƙarfe ce zalla, sigina ba ya ratsa ta sai dai ya bugu ya dawo, shi ke nan ma'aikaci na tsaye a tsakanin layuka da na'urar sikanin a hannu tana ta juyi ta kasa tura lambar kwantena, direban tirela na jira, layi na ƙara tsawo har bakin get. Gyaran ba wuya, a auna lokacin da fili ya cika maƙil, a sake aunawa duk sanda aka canza yadda ake jera kaya, eriya kuma a ɗora ta can saman dogayen turakun fitila tana kallon tsawon layukan.

Sai masu ɗauko WiFi irin na ofis su ce zai riƙe tasha guda. Wallahi ba zai riƙe ba. Motocin ɗaukar kwantena da injinan ɗaga kaya kullum cikin tafiya suke, duk sanda suka bar wata eriya suka koma wata sai haɗin ya ɗan yanke, a ofis ba wanda zai lura amma ga wanda ke tuƙa inji daga nesa da hoton kyamara, wannan ɗan jinkirin haɗari ne. Shi ya sa manyan tashoshi ke komawa netwok nasu na kansu na 4G ko 5G, tashar Hamburg ta Jamus tun 2018 ta fara gwajin 5G. In kuɗin bai kai ba, aƙalla a sayi WiFi na masana'antu da aka yi don abin da ke motsi.

Iskar teku kuma gishiri ne da ita, tana cinye mahaɗar waya da tsatsa kafin ka ankara. A duba akwatin na'ura ya kai IP66 ko IP67, wato ma'aunin da ke nuna yadda yake hana ƙura da ruwa shiga, a naɗe mahaɗai da kyau, a riƙa hawa ana dubawa.

Oba-oba ma ana wasa da ita. Layi na 16 a rediyon VHF, wanda ake magana da jiragen ruwa da shi, na kiran gaggawa ne da kiran farko, ba wajen hira ba ne, ka kira ka koma layin aiki.

Akwai kuma haɗa komai a netwok ɗaya, kwamfutocin ofis, injina, kyamarori, har wayoyin baƙi. A 2017 cutar kwamfuta ta NotPetya ta shiga Maersk, babban kamfanin jigilar kaya ta ruwa, ta tsayar da aiki a tashoshinsu da dama, asarar ta doshi dala miliyan 300. A raba netwok ɗin injina da na ofis, a canza faswod ɗin da na'ura ta zo da shi daga kamfani, kuma ma'aikatan get su iya karɓar kaya da takarda da biro in sabis ya ɗauke, a riƙa gwada musu tun kafin ranar ta zo.