Babi Na 6: Ciwon Gwiwa Da Lambar Da Ke Jikin Kwali

Iyayena mata, sannunku da ƙoƙari. Ina kallon yadda kuke zama a tabarma in kun shigo aji: a dafa bango, a dafa gwiwa, a ce "wash Allah", sannan a kai ƙasa. Tashi kuwa sai jika ta miƙo hannu. Wannan babi naku ne. Ku bi shi kalma-kalma, ba gudu ake ba. Wadda ta sarƙe ta ɗora yatsa a wurin, ta kusa da ita ta taimake ta.

Darasi na 1: Mene ne ke ciwon?

In an gama cin tuwo, ki ɗauki ƙashin kaza ki duba bakinsa. Za ki ga wani farin abu mai santsi, guringuntsi. Irinsa ne a gwiwarki da ƙugunki da yatsunki, shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. Shekara 40 ana daka, ana jan guga, ana goyo, ana tsugunno a gindin murhu, dole ya side kamar tsohon dutsen niƙa. Bayan haila ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, ƙashin mace kuma yakan rage ƙwari. Abin da kuke ce wa sanyin ƙashi ko amosani ke nan. Ba jifa ba ne, ba kishiya ba ce. Guringuntsin da ya side ba ya komawa sabo, amma ana rage zafin sosai.

Darasi na 2: Duba lamba kafin ki haɗiye

Kowa ta fito da kwalin maganin da ta zo da shi. Ki riƙe shi yadda rubutun zai miƙe, kada ya zama kai a ƙasa. Ki nemi kalma mai farawa da waɗannan baƙaƙe huɗu: P A R A. Cikakkiyarta ita ce PARACÉTAMOL, mu kuma mu ce farasitamol. Wani lokaci babban rubutun da ke kwalin wani suna ne daban, Doliprane ko Efferalgan ko Panadol. Ki duba ƙaramin rubutun da ke ƙasansa, za ki tarar da P A R A ɗin nan. Magani ɗaya ne, riga kawai aka sauya masa.

Kusa da sunan akwai lamba, bayanta ƙananan baƙaƙe biyu: mg. Wannan lamba ita ce ƙarfin ƙwaya ɗaya. Ba kuɗin maganin ba ne, ba kuma yawan ƙwayoyin da ke cikin kwalin ba. Ƙarfin ƙwaya ɗaya tak.

Lambobi biyu za ki fi haɗuwa da su:

500
1000

Ki ƙirga da yatsa. 500 tana da lamba uku: biyar, sifili, sifili. 1000 tana da lamba huɗu: ɗaya, sifili, sifili, sifili. A nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Ido ya ga 5 ya ga 1, zuciya ta ce ai biyar ta fi ɗaya. A'a, Inna. Ki tuna kasuwa: takardar 500 da takardar jika, wacce ta fi? Jika ta fi, 500 biyu ke yin jika ɗaya. To haka ƙwayar take. Ƙwaya ɗaya mai 1000 daidai take da ƙwaya biyu masu 500.

Ki rubuta a kayenki: 500 + 500 = 1000.

Ki sake rubutawa. Madalla. Wadda sifilinta ya fito kamar ƙwai da aka taka, ba komai, sifili ne dai.

Yanzu ga ƙa'idar. In kwalin 500 ne, ƙwaya ɗaya ko biyu a sha ɗaya. In kwalin 1000 ne, ƙwaya ɗaya kawai, ba a ƙara ta biyu. Sau uku a yini, ba ƙari. Jimla 3000 ke nan: ƙwaya 6 masu 500, ko ƙwaya 3 masu 1000. Takardar cikin kwali takan ba babban mutum izini har 4000, amma mu da shekaru suka ja, a 3000 muke tsayawa. Wadda ta rame ƙwarai, nauyinta bai kai kilo 50 ba, ƙwaya ɗaya mai 500 ta ishe ta a sha ɗaya. Mai ciwon hanta kuwa kada ta taɓa sai ta tambayi likita.

Abin da ya sa nake ta nanatawa shi ne abin da na gani a ajin bara. Wata baiwar Allah ɗanta ya aiko mata da magani daga Yamai. Ta saba da ƙwaya biyu-biyu tun da daɗewa, sai ta ci gaba da biyu-biyunta. Ran nan ta kwance bakin zane ta nuna mini kwalin, tana yabon ɗan nata. Na duba, 1000 ce. Kwana uku tana zuba wa hantarta ninkin abin da ya kamata. Da na faɗa mata sai ta ce, "Malama, ai fari ne kamar wancan." Allah ya tsare, likita ya duba ta bai sami ɓarna ba. Farasitamol in ya yi yawa hanta yake ci, kuma ba ya yin shela a ranar farko. Mutum na yawonsa lafiya lau, ɓarnar tana ciki.

Saboda haka launi ba ya gaya miki komai. Girman ƙwaya ma haka. Lamba ce ke magana. Ki duba lamba kafin ki haɗiye.

Sai maganar lokaci. Tsakanin sha da sha a bar awa 6. Na san ba kowa ke da agogo ba, amma kowa na jin kiran salla. Ki ɗaure shan da salloli uku: asuba, azahar, isha'i. Daga asuba zuwa azahar awa 6 ta wuce, daga azahar zuwa isha'i ma ta cika. La'asar ba ta ciki. Magariba ba ta ciki. Wadda ta sha da azahar ta ƙara da la'asar don gwiwar ba ta lafa ba, ta yi ganganci, tsakaninsu bai kai awa 6 ba.

Ki zana ɗakuna uku a kaye, ki rubuta A, Z, I a kansu: asuba, azahar, isha'i. Da kin sha, ki ja layi a ɗakin da bik. In layi na nan, kin sha, ko da kin manta. Gobe ki zana sababbin ɗakuna.

Takardar likita da Faransanci ake rubuta ta. Kalmomi huɗu sun ishe ki: matin, safe, midi, tsakar rana, soir, dare, cp, ƙwaya. In an rubuta 1 cp, ƙwaya ɗaya ake nufi. A gefen kwali kuma akwai EXP da lambobi, misali 03/2027. Ta farko wata ce, ta biyu shekara: watan 3 na 2027. Bayan wannan wata maganin ya tashi aiki.

Gwaji. Ki rufe amsar da tafin hannu.
Kwali ya ce 1000 mg. Ƙwaya nawa a sha ɗaya? Ɗaya.
Kwali ya ce 500 mg. Ƙwaya nawa a yini, iyaka? Shida.
Kin sha Doliprane da azahar, maƙwabciya ta ba ki Panadol da la'asar. Ki sha? A'a, abu ɗaya ne.
Wacce ta fi ƙarfi, 500 ko 1000?

Wannan ta ƙarshe ban rubuta amsarta ba. Wadda ta ce 500 ta koma farkon darasin, babu kunya a ciki. Ni ma sai da aka maimaita mini abubuwa da yawa kafin su zauna.

Darasi na 3: Maganin tire

Nan kam zan yi faɗa, ku gafarce ni, ku iyayena ne. Sau nawa zan ce ku daina sayen ƙullin leda wurin mai tallar magani a tire? Ja, fari, ruwan ɗorawa, an haɗa an ƙulle, babu kwali, babu suna, babu lamba, ya yini a ranar Maradi. Me za ki karanta a jikinsa? Wata shida muna koyon baƙaƙe don ki daina haɗiyar abin da ba ki sani ba, amma makon jiya na ga ƙullin a cikin jakar mutum biyu a ajin nan. Ba zan faɗi suna ba, sun san kansu.

Na yarda yana kashe ciwo nan take, shi ya sa kuke komawa. Irin wannan haɗi yakan ƙunshi diclofénac ko ibuprofène. Su biyun magunguna ne na gaskiya, likita na rubuta su, amma ga tsohuwa suna ƙwaƙule ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna wahalar da ƙoda, suna tayar da hawan jini. Ba a shan su da yunwa, ba a kuma jera makonni ana sha. Mai gyambon ciki ko hawan jini ko ciwon ƙoda ta nisance su sai da izinin likita. Wani ƙullin da dexaméthasone a ciki, wanda ke kumbura fuska har a ce kin yi kyau, alhali yana tayar da sukari yana kuma cinye ƙashin da kike neman gyarawa. Tramol kuwa kun ga abin da ya yi wa samarin unguwa, ba sai na faɗa ba.

Ki je farmasi, ki karɓi kwali mai suna da lamba. Sannan ki duba lambar.

Darasi na 4: Ƙarin ƙwayoyi da abinci

Ƙashi na buƙatar kalsiyom. Macen da ta wuce 50 tana son wajen 1200 mg a yini. Kada wannan lamba ta rikita ki da ta farasitamol, kowane abu da ma'auninsa. Kofin madara ɗaya na ba da kamar 300. Kafin ki kai kuɗi farmasi, ki duba gidanki: hura da nono mai yawa, nonon jar akuyarmu ta Maradi, miyar kuka, kwaɗon zogalen Jiratawa, riɗi, da ƙananan busasshen kifi da ake ci har ƙaya. Ƙwayar kalsiyom ta mai ƙarancin waɗannan ce, kuma likita ne zai ce ki sha.

Kalsiyom ba ya shiga jiki da kyau sai da bitamin D, shi kuma fata ke yin sa in rana ta taɓa ta. Rana ba ta yi mana rowa ba a ƙasar nan, amma tsohuwar da ke yini a ɗaka a lulluɓe tana iya rasa shi. Ki fito tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙwauri a buɗe, ki ɗan jima.

Akwai manyan kwalabe masu tsada da ake aikowa daga waje, glucosamine da ire-irensa. An gwada su sosai, mafi yawan gwajin bai nuna wani amfani mai yawa ba. Ni dai da a ba ni kwalbar gara a ba ni kuɗin in sayi nono da kifi.

Mai ƙiba ta rage soye-soye da lemun kwalba da sukari a shayi. Kilo 1 in ya sauka daga jiki, gwiwa na hutawa da nauyin kusan kilo 4 a kowane taku.

Darasi na 5: Motsa jiki

Kwanciya na ƙara sandarar da gaɓa. Ki zauna a kujera mai tsawo, ki miƙe ƙafa ɗaya, ki ƙirga 5, ki sauke. Sau 10, sai ɗaya ƙafar. Ki tashi tsaye daga kujerar ki koma, sau 10. Ki taka da sanyin safiya ko bayan la'asar, minti 10 da farko, a hankali har ya kai 30. Lokacin hunturu ki gasa gwiwar da tsumma mai ɗumi kafin ki fara. Sanda ba abin kunya ba ce, a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo ake riƙe ta. Wadda tsayuwa ta gagara ta yi salla a zaune, addini ya yarda.

Darasi na 6: A tafi likita

In gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi. In yatsun hannu biyu sun sandare fiye da awa ɗaya kowace safiya. In kin faɗi kin kasa taka ƙafa. In bayan gida ya fito baƙi wuluk bayan shan maganin ciwo. Waɗannan ba na wanzami ba ne, ba na tsaga ba.

Aikin gida: ki kwafi suna da lambar kowane kwalin magani da ke ɗakinki. Ku zo da kwalayen ranar Laraba, har da kayen mai ɗakuna uku.