Yadda za ka yi da masu karɓar bashi a Amurka idan ba ka amince da bashin ba

Tun a kiran farko mutane da yawa ke ɓata lamarinsu. Wani ya bugo waya ya ce ana bin ka kuɗin asibiti ko na katin banki, kai kuwa ka san ka biya, ko ma ba ka taɓa cin bashin ba. Sai ka tsaya kana musu, kana rantsuwa, har rai ya ɓaci ka kashe wayar. Duk wannan musun na baka ba shi ne zai tilasta musu su dakata ba.

A kiran nan kada ka amsa cewa bashin naka ne, kada kuma ka ba da lambar asusunka na banki. Tambayi sunan mai magana, sunan kamfaninsa da adireshinsa, da wanda asalin bashin yake hannunsa. Rubuta rana da lokaci, ka yi sallama.

Dokar tarayya ta FDCPA, wadda aka yi a 1977 don tsara aikin masu karɓar bashi, ta wajabta wa kamfanin ya aiko maka da takardar bayanin bashin cikin kwana 5 da fara tuntuɓarka, sai dai in ya ba ka bayanin tun a lokacin. Ka lura, dokar ta fi shafar kamfanonin da ke karɓo bashi a madadin wasu, ba wanda ya ba ka bashin da hannunsa ba.

Daga samun takardar kana da kwana 30 ka ƙalubalanci bashin a rubuce, kuma nan ne ake yawan sakaci. Na ga mutane sun jefa ambulan ɗin a aljihun tebur saboda sun san gaskiya na gefensu, har wa'adin ya wuce. Ba a son doguwar wasiƙa. Sa sunanka da lambar da ke kan takardarsu, ka ce ba ka amince da bashin ba, kana neman hujjarsa da sunan wanda ya fara bin sa. Kada ka ba da labarin rayuwarka, domin duk abin da ka ƙara na iya zama makami a hannunsu. Idan kana da rasit, kwafi za ka tura, asalin ya zauna wurinka. Aika ta gidan waya da rajista, irin wadda ake dawo maka da shaidar an karɓa. 'Yan daloli ne, kuma ni ban yarda a yi tsimin su ba. Da zarar wasiƙar ta isa cikin wa'adi, dole su tsayar da neman kuɗin har sai sun aiko da hujja.

Sai ka kula da tarkon "kawo ko dala ashirin ce mu ƙyale ka." Kowace jiha tana da wa'adin da bayansa ba a iya kai mutum kotu kan tsohon bashi, galibi shekara uku zuwa shida. A wasu jihohin, biyan ɗan abu kaɗan yana sa a fara lissafin wa'adin daga farko. Kada ka biya ko sisi kafin ka ga hujja.

Doka ta haramta su kira ka kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ko su zage ka, ko su yi maka ƙaryar za a kama ka, ko su gaya wa maƙwabta da abokan aikinka zancen bashin. Tun 2021, kiran da ya wuce bakwai cikin kwana bakwai kan bashi ɗaya ana ɗaukarsa takura. Idan sun karya doka, kai kuka ga CFPB, hukumar tarayya mai kare jama'a a harkokin kuɗi, ko ofishin babban lauyan jiharka. Kana iya maka su a kotu cikin shekara guda, ka nemi diyyar asararka da ƙarin da zai iya kai dala 1,000.

Duba rahotonka a Equifax, Experian da TransUnion, wato kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, in bashin ya bayyana ka ƙalubalance shi a can ma. Idan kuwa sammacin kotu ya zo, amsa shi cikin wa'adin da aka rubuta a jiki ko da bashin ƙarya ne, don in ba ka amsa ba alƙali na iya yanke hukunci a bayan idonka, har a fara cirewa daga albashinka.