Yadda ake kallon bidiyon kwamfuta a talabijin ta hanyar kyamara

Gidaje da dama a Jos har yanzu tsohuwar talabijin ɗin nan mai ƙaton baya ce a falo: ba ta da USB, ba ta da HDMI, sai ramuka uku, rawaya da fari da ja. Idan bidiyon biki ko na walima yana kan kwamfuta, ana so iyaye da baƙi su gani a babban allo, ƙaramar kyamarar Canon ko Nikon da ke kwance a durowa za ta iya yin aikin. Amma in talabijin ɗinka tana karɓar filash, kada ka wahalar da kanka, sa filash kawai.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko: kyamara ba na'urar DVD ba ce. Abin da ta ɗauka da kanta kawai take ganewa. Duk dabarar ita ce ka sa bidiyonka ya yi kama da nata har ta kasa bambancewa.

Fara da neman wayar da ta zo da kyamarar, mai kai ɗaya siriri a gefe guda, rawaya da fari (ko baƙi) a ɗaya gefen. In ta ɓata, ɗauki kyamarar ka je wajen masu kayan lantarki a Taminus ko titin Ahmadu Bello a gwada a gabanka, don bakin wayar ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Sai ka ɗauki ɗan bidiyo na daƙiƙa biyar da kyamarar, ko bango ne. Zare katin ajiya (memori) na kyamarar, sa shi a kwamfuta, buɗe folda mai suna DCIM. A ciki akwai wata kamar 100CANON ko 100NIKON, nan bidiyon yake, da suna irin MVI_0001.AVI ko DSCN0001. Buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka danna Ctrl da J, za ka ga irin tsarinsa. Tsofaffin ƙananan kyamarori da yawa Motion JPEG suke yi, faɗin 640x480, hoto 30 a daƙiƙa. Rubuta duka, har da bayanin sauti.

Nan ne aikin yake. Da manhajar sauya bidiyo irin Format Factory ko ffmpeg, mayar da bidiyonka zuwa wannan tsarin sak: faɗi ɗaya, gudu ɗaya, sauti iri ɗaya. Mutane sukan gyara hoto su manta da sauti, alhali shi kaɗai ya isa ya sa kyamara ta ƙi. Kuma Motion JPEG akwai cin wuri, minti ɗaya kan haura megabait 100. Katin da ke kan tsarin ajiya na FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, don haka dogon bidiyo sai an yanka shi gunduwa-gunduwa.

Ba shi suna irin na kyamarar da lamba ta gaba, misali MVI_0002.AVI, ka ajiye shi a wannan foldar dai. A tsofaffin Canon za ka ga ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da THM kusa da kowane bidiyo. Shi ne hoton da ke fitowa a jerin. Kwafa shi, ka sa masa lambar sabon bidiyon. Mayar da katin, ka gwada a allon kyamarar tukuna. In ta rubuta maka "Unidentified Image", koma ka duba abin da ya saɓa. Wasu kyamarorin ko me ka yi ba za su yarda ba, musamman masu tsarin bidiyo na AVCHD na Sony da Panasonic, da ke ajiye nasu lissafin a ɓoye. Waɗannan a haƙura da su.

Idan ya buɗe, shiga saitin kyamarar ka zaɓi PAL, tsarin hoton talabijin da ake amfani da shi a Nijeriya. In ka bar ta a NTSC na Amurka, hoton zai iya fita baƙi da fari ko ya riƙa birgima. Kashe kyamarar, sa rawaya a rawaya, fari (ko baƙi) a fari, mayar da talabijin AV, sannan ka kunna kyamarar a wajen kallon hotuna. Yawanci allonta zai mutu, hoton ya koma talabijin, kada ka tsorata. Ka cika batir tun kafin baƙi su zauna, in kana da na biyu ka ajiye shi kusa.