Yaro mai kaɗaici a gidanku: yadda za ku haɗa shi da littafi

Akwai yaron da in an tashi tara a makaranta, kowa ya watse da gudu, shi sai ya tsaya yana ta gyara jakarsa, don bai san inda zai nufa ba. Ba ya faɗa, ba a kawo ƙararsa, shi ya sa manya ba su cika lura da shi ba, har yabonsa ake yi wai yaro ne mai natsuwa. Irin yaran nan ne ni. I'ina gare ni tun ina ƙarami, aikin mahaifina kuma mai yawan canjin wuri ne, kafin 'yan aji su gaji da kwaikwayon maganata an sake kwashe mu. Littafi ne ya riƙe ni a shekarun nan. A cikinsa ba mai ƙosawa kafin in ƙarasa jimla, ba mai ƙarasa mini ita.

Da iyaye da yayye da malamai nake magana, waɗanda ke da irin wannan yaro a hannu. Kafin komai ku cire wani tunani daga ranku: wai karatu ne ke raba shi da mutane. Kaɗaicin ya riga littafin zuwa. In kun ƙwace littafin, abokai ba za su faɗo daga sama ba, yaron ne kawai zai koma gyaran jaka.

Na sha jin ana cewa ai mutanen cikin labari ba mutane ba ne, rashin uwa ne ake uwar ɗaki. Haka ne, amma zuciya ba ta bambancewa sosai kamar yadda muke zato. A 2011, Shira Gabriel da Ariana Young na Jami'ar Buffalo a Amurka sun ba ɗalibai 140 wasu sassa na labaran ƙirƙira su karanta na kamar rabin awa, wasu labarin 'yan makarantar tsafi, wasu na masu shan jini. Da aka gwada su bayan karatun, sai aka ga kowa ya soma jin kansa a matsayin ɗan ƙungiyar da ya karanta labarinta, kuma wannan ji ya zo da ƙarin walwala. Manya aka gwada, ba yara ba, amma duk wanda ya taɓa yin kewar mutanen wani littafi bayan ya rufe shi ya san zancen.

Yadda littafin zai shiga hannunsa

Kada ku kira shi ku zaunar, ku miƙa masa littafi haɗe da nasiha. Yaro mai kaɗaici yana da saurin gane tausayi, kuma ya tsane shi. Da zarar ya ji an ce "ga wannan, tunda ba ka da abokai", littafin ya zama tambarin abin kunyarsa. Ku ajiye shi kawai inda ya saba zama, kan kujerar da yake raɓewa ko bakin gadonsa, ku yi kamar mantawa kuka yi. In bai taɓa ba har mako ya zagayo, ku ɗauke ku sa wani, ba tare da kun ce uffan ba.

Labari za ku nema, ba darasi ba. Yawancin littattafan da manya ke zaɓa wa yara wa'azi ne aka lulluɓe da suna biyu ko uku, yaro kuwa tun shafi na biyu ya hango inda aka dosa. Ku guji kuma wanda aka rubuta musamman a kan yaron da ba shi da aboki, har ya yi haƙuri ya samu. Wannan nuni ne da yatsa. Abin da ni na fi so a lokacin shi ne labarin da ke da gungun mutane masu tafiya tare, suna faɗa suna shiryawa, kowa da halinsa, har in san abin da wane zai ce kafin ya buɗe baki. In labarin mai littafi na ɗaya da na biyu da na uku ne, ya fi, don wanda ake yawan raba shi da mutane ba ya son ban kwana.

Wajen nauyin harshe akwai gwajin da malaman firamare ke yi. Yaro ya buɗe tsakiyar littafi ya karanta shafi guda, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsu biyar sun lanƙwashe kafin ƙarshen shafin, littafin ya yi masa nauyi. Gwajin yana da amfani wajen zaɓen farko. Amma in shi da kansa ya liƙe wa littafin da ya fi ƙarfinsa, ku ƙyale shi. Na karanta littattafan da rabin kalmominsu ban sani ba, ina tsallake su ina bin labarin, kuma daga nan na san su.

Wanda bai riga ya kamu ba, ku karanta masa da baki, ko da ya iya karatu da kansa. Kullum kaɗan, lokaci guda. Dabarar tana wajen tsayawa: kada ku tsaya a ƙarshen babi inda komai ya lafa, ku tsaya daidai inda aka ƙwanƙwasa ƙofa ba a san ko wane ne ba, ku ce aiki ya taso, ku bar littafin a kife a wurin. Ku fita, kada ku waiwaya.

Kada rijiyar ta ƙafe

Nan ne aikinku na gaske yake, kuma nan aka fi sakaci. Yaron da ya kamu yakan cinye littafi cikin kwana biyu, ranar da ya gama kuwa ba wani a hannu ta fi ranakun da bai fara ba zafi. Ku lura da shi in ya kusa ƙarshe: zai riƙa taɓa kaurin shafukan da suka rage da babban yatsa, ya rage gudu, ya rufe ya tashi ya sha ruwa ba don ƙishi ba. Da kun ga haka, na gaba ya kamata a ce yana kusa.

Ba sai da saye ba. Andrew Carnegie, wanda iyayensa suka yi ƙaura da shi daga Sukotilan zuwa Amurka a 1848, yana ɗan shekara 13 ya shiga aikin masaƙa. Wani Kanar James Anderson ya buɗe wa yara 'yan ƙwadago ɗakin littattafansa mai kimanin littafi 400, kowace Asabar yaro ya ɗauki ɗaya, Asabar mai zuwa ya dawo da shi ya ɗauki wani. Da Carnegie ya yi arziki, kuɗinsa ne suka gina laburare fiye da 2,500. Ni ba arzikin ne ya dame ni a labarin nan ba, Asabar ɗin ce. Rana tsayayya, wadda yaro ya san tana zuwa, da babban mutumin da zai miƙa masa littafi ya amince zai dawo da shi. In akwai laburare kusa, ku yi masa kati da sunansa, shi zai riƙe, ba ku ba. In babu, ku nemi wani mai tarin littattafai cikin dangi ko maƙwabta ko malamai, ku roƙa masa aro, ku tsayar da rana. Ku bar shi ya je ya mayar da littafin da kansa, ko da ba zai ce komai ba sai "na gode".

In a waya ko kwamfuta zai karanta, a sauke littafin a kashe intanet. Waya ce ke nuna masa hotunan taron da ba a gayyace shi ba, bai kamata wannan ya riƙa faɗowa a tsakiyar babi ba.

Abin da za ku daina

Ku daina yi masa jarrabawa. "Me ka koya a ciki?" ita ce tambayar da ta fi kashe sha'awar karatu, don tana mayar da wuri ɗaya tak da ba a auna shi ya koma aji. Wani malamin makaranta Bafaranshe, Daniel Pennac, ya jera haƙƙoƙin mai karatu guda goma a 1992, ciki har da haƙƙin tsallake shafi, da na ajiye littafi ba a gama ba, da na sake karantawa, da na yin shiru bayan an gama. Na sake karantawa shi na fi so ku riƙe. Manya kan ce ɓata lokaci ne, ai ka san ƙarshen. To sanin ƙarshen ne amfaninsa. Yaron da bai san ko gobe za a kula shi a makaranta ba yana buƙatar wuri guda da komai ke faruwa yadda ya faru jiya. Akwai littafin da na maimaita har bangonsa ya rabu, kuma shafukan ƙarshensa dama sun ɓace tun kafin ya zo hannuna. Ƙarshe iri-iri na yi masa, kowane karatu da nasa.

Kada ƙwace littafi ya zama horonsa. In ya yi laifi, a hore shi da wani abu. Kada kuma ku riƙa nuna shi gaban baƙi, "ai wannan ba ya ajiye littafi, zo ka karanta musu", ko ku yi masa laƙabi da shi. Yabo ne a wurinku, a wurinsa haska fitila ne cikin maɓoyarsa.

Aike da ayyukan gida ba za a ɗauke masa ba, amma akwai yadda ake kira. Mai karatu ya yi nisa, kira na farko ba ya isa gare shi, ba raini ba ne. Ku matso, ku ce "in ka kai ƙarshen shafin ina nemanka". Za ku ga ya taso da yatsa maƙale a tsakanin shafuka, idonsa bai gama dawowa ba. Minti ɗayan nan da kuka ba shi yana hana rigima mai yawa. Karatun dare da tocila a ƙarƙashin bargo kuwa, ku sa lokacin kashe fitila ku tsaya a kai, barci ba abin wasa ba ne ga mai tasowa. Daren da ba makaranta washegari, ku ɗan kau da kai.

Sai maganar ido, wadda gaskiya ce. Yawan duban abu na kusa tare da ƙarancin fita waje yana da alaƙa da matsalar idon da ke hana yaro ganin abin da ke nesa. A Taiwan, daga 2010 aka soma sa makarantu su fitar da yara waje na minti 120 a kullum, kuma yawan masu matsalar a firamare, da ke ta hawa, ya soma sauka. Hasken rana ake buƙata, ba lallai sai guje-guje ba. Don haka ba sai kun ce "ajiye littafin nan ka fita wasa" ba, ga yaron da ba mai wasa da shi. Ku ce ya fita da littafin ya zauna a inuwa, ya riƙa ɗaga kai yana hango nesa. In yana matse ido wajen kallon allo, a kai shi a auna.

Ƙofar da ke fita wajen mutane

Ku karanta abin da yake karantawa, a ɓoye in ya yiwu. Sannan wata rana, ana cikin wani aiki, ku jefa magana: "Ni fa wancan ƙanen sarkin ban yarda da shi ba." Ku yi shiru. In ya ɗago da sauri ya ce ba haka ba ne, ku yi musu da shi da gaske, kada ku bar masa don lallashi. Ni hirar farko mai tsawo da na yi ba tare da na damu da i'inata ba, musu ne da wata 'yar'uwar mahaifiyata a kan wani mutumin da bai taɓa rayuwa ba. Magana a kan mutanen labari ta fi sauƙi, don ba kansa ake tonawa ba, ko da yake sau da yawa kansa yake faɗa. Ku saurari wanda yake karewa.

Daga nan sai sa'ansa. Ba taron yara za ku haɗa masa ba, ɗaya ya isa. A kusan kowane aji akwai wani mai ɓoye littafi a ƙarƙashin tebur, malamin aji ya san shi. Ku ba naku izinin bayar da aron littattafansa, ko da wasu ba za su dawo ba. "Ka kai wajen da...?" "Kada ka faɗa mini!" Abota da yawa daga nan ta tashi.

Akwai kuma lokacin da littafi ke rufe abin da ya kamata a gani. Maya Angelou, marubuciyar Amurka da aka haifa a 1928, tana ƙarama wani mutum da ke tare da mahaifiyarta ya yi mata fyaɗe. Ta faɗi sunansa, aka kai shi kotu, ba a jima ba aka kashe shi. Sai ta ɗauka muryarta ce ta kashe shi, ta daina magana kusan shekara biyar, tana ta karatu. Wata mata mai suna Bertha Flowers ce ta jawo ta, tana karanta mata da baki, tana ba ta aro, tana nace mata sai ta furta waƙoƙin da muryarta. Littattafan sun riƙe ta, amma shirun nata yana da dalili, kuma ba kunya ba ce.

Saboda haka ku san bambancin. Yaron da ke karatu yana dariya shi kaɗai, yana ci, yana barci, yana da abin faɗa in an taɓo labarin, wannan lafiya lau yake, ko da abokinsa ɗaya ne ko babu. Wanda za ku damu da shi shi ne wanda ya canza farat ɗaya: mai surutu ya yi tsit, yana ciwon ciki duk safiyar makaranta, kayansa na dawowa a yage, yana gudun wani mutum takamaimai, ya koma fitsarin kwance, ko littafin na buɗe a gabansa shafin ba ya juyawa. Wannan ba ƙarin littafi yake buƙata ba. Ku tambaye shi kuna gefe da gefe, a tafiya ko ana wani aiki, ba ido cikin ido ba, kuma kada ku katse shi ko ku nuna firgita. Ku je makarantar ku ji yadda yake wuni. In ya kai mako biyu a haka, ko ya ambaci yi wa kansa lahani ko da sau ɗaya ne, ku kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba.